An kafa mini kwamitin ladabtarwa: in ajiye aikin ko in tsaya?

"Assalamu alaikum. Shekarata bakwai ina aiki a wani kamfani, ni ke riƙe da sito. Kwanakin baya aka yi ƙidayar kaya, aka ga giɓi. An ba ni takardar tuhuma na amsa, daga baya aka dakatar da ni, yanzu kuma an ce in bayyana gaban kwamitin ladabtarwa nan da kwana goma. Ban ɗauki komai ba, amma gaskiya akwai takardun fitar da kaya da na sa wa hannu ban ƙirga ba, domin ogana ne ya ce in sa. Shi ogan ya ja ni gefe ya ce gara in rubuta takardar ajiye aiki tun kafin zaman, wai don in fita da mutuncina. Ko barci ba na iya yi. Idan na ajiye, maganar ta mutu ke nan? Me zan samu, me zan rasa?"

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya fid da kai lafiya.

Idan na fahimce ka, tambayoyi biyu ne ka dunƙule wuri guda. Ta farko: shin takardar ajiye aiki tana kashe tuhuma? Ta biyu, wadda ba ka furta ba amma tana nan cikin maganarka: shin shawarar oganka don kai ya bayar ko don kansa? Zan taɓa duka biyun. Na daɗe a ofishin kula da ma'aikata, na riƙe alƙalami a zaman ladabtarwa da dama, na kuma karɓi irin takardar da ake so ka rubuta fiye da yadda zan iya ƙirgawa. Amma ni ba lauyanka ba ne, ban ga takardar kama aikinka ba, kuma dokar aiki ta kowace ƙasa daban take. Abin da zan ba ka shi ne yadda lamarin yake tafiya, da wuraren da na ga mutane suna yin tuntuɓe.

Takardar ba ta goge komai

Mutane da yawa suna ɗaukar ajiye aiki kamar kashe fitila: ka danna, ɗaki ya yi duhu, kowa ya watse. Ba haka abin yake ba, kuma dalilin kalma ɗaya ce, notis. A yawancin kwantiragi ranar da ka miƙa takarda ba ita ce ranar da ka daina zama ma'aikaci ba. Akwai wa'adin da dole ka bayar. A Najeriya dokar ƙwadago ta sa wata guda mafi ƙaranci ga wanda ya kai shekara 5 ko fiye, a Afirka ta Kudu mako 4 ga wanda ya haura shekara guda, a Ingila mako guda, kuma kwantiraginka yana iya tsawaita wa'adin. Cikin wannan wa'adi kai ma'aikacinsu ne. Suna iya zama, su saurari shaidu ko ka zo ko ba ka zo ba, su kore ka kafin wa'adin ya cika. Sai fayil ɗinka ya nuna kora, takardar da ka rubuta ta zama tarkace a cikinsa. Kwamitinka nan da kwana goma ne. Idan notis ɗinka wata guda ne, lissafin ba ya bukatar malamin lissafi.

Za ka ce to in rubuta "daga yau". An gwada. A Afirka ta Kudu wata ma'aikaciyar bankin Standard ta ajiye aiki nan take bayan an ba ta takardar gayyata zuwa zaman ladabtarwa. Bankin ya ce akwai notis a kanta, ya ci gaba da zaman, ya kore ta. Ƙaramar kotun ƙwadago ta ba ta gaskiya, amma a 2020 kotun ɗaukaka ƙara ta harkokin ƙwadago ta juya hukuncin, ta ce kwantiragi bai ƙare ba sai wa'adin notis ya cika, matuƙar mai aikin bai yafe shi ba. A Najeriya kuwa kotuna sun sha nanata cewa ajiye aiki haƙƙin ma'aikaci ne, mai kamfani ba shi da ikon cewa bai karɓa ba. Ka ga ke nan amsar ta danganta da inda kake tsaye. Abin da ya fi yawa shi ne, wanda ya fita ba notis alhali kwantiraginsa ya tanadi notis ya saɓa wa kwantiragi, kuma ana iya bin sa kuɗin wa'adin ko, a wasu wuraren, a zare daga abin da ya rage masa.

Sannan naka batun kaya ne suka ɓata. Wannan ya sa ya bambanta da na wanda ake tuhuma da makara ko rashin kunya ga shugaba. Kamfani ba ya bukatar ka zama ma'aikacinsa kafin ya kai ƙara wurin 'yan sanda, ko ya nemi diyyar kayan a kotu. Ikon ladabtarwa ne kawai ke ƙarewa da ƙarewar aiki. Sauran ƙofofin suna nan a buɗe, kuma mutumin da ya fice ana saura kwana goma a saurare shi ya ba wa masu zarginsa labarin da za su faɗa.

A wasu sana'o'in ma an toshe wannan hanyar da gangan. 'Yan sandan Ingila sun daɗe suna ajiye aiki da zarar bincike ya matso, har a 2015 aka hana wanda ake tuhuma da babban laifi fita, daga 2017 kuma aka ba da damar ci gaba da shari'ar ladabtarwa ko mutum ya bar aiki, a kuma sa sunansa cikin jerin waɗanda ba za a sake ɗauka ba. A Amurka kamfanin dillancin hannun jari dole ya cike wa hukuma takarda cikin kwana 30 bayan tafiyar dillali, kuma a jikinta akwai gurbi na musamman na wanda aka bari ya ajiye aiki, daban da na wanda ya tafi don kansa. Likita, malamin jinya, lauya, akanta, duk mai lasisi, hukumar sana'arsa ba ruwanta da ko ya ajiye aiki. Mai riƙon sito ba ya cikin waɗannan, na kawo su ne don ka ga cewa duniya ta daɗe da gane dabarar.

Abin da kake sayarwa

Yanzu ga abin da nake so ka riƙe. Ajiye aiki a wannan hali ciniki ne. Kana miƙa abu mai daraja, don haka sai ka san me za a miƙo maka.

Abin da ke hannunka shi ne haƙƙin a saurare ka. Yarjejeniya mai lamba 158 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, ta 1982, ta ce kada a sallami ma'aikaci kan halayyarsa ko aikinsa sai an ba shi damar kare kansa daga zargin. Ba duk ƙasashe ne suka rattaba mata hannu ba, amma ƙa'idar ta shiga dokoki da kundin ma'aikata na wurare da yawa. Ma'anarta a aikace: idan su suka kore ka, nauyin nuna dalili da bin ƙa'ida yana wuyansu. Sai sun nuna an faɗa maka laifin, an nuna maka hujja, an ji ta bakinka. In sun yi kuskure a hanya, kana da abin riƙewa a kotun ƙwadago. Idan kai ka ajiye, ka sauke musu wannan nauyin kyauta. Ba wanda ya kore ka, don haka babu korar da za ka ƙalubalanta.

Akwai abin da ake kira ajiye aikin dole, wato a ƙuntata wa mutum har ya fita, doka ta ɗauke shi kamar an kore shi. Mutane suna jin labarinsa su ɗauka mafaka ce. Hanya ce mai wuya. A Ingila tun wani hukunci na 1978 ma'aunin shi ne sai mai aiki ya karya ginshiƙin kwantiragi, kuma ma'aikacin ya fita saboda hakan ba tare da jan ƙafa ba. Gayyatar mutum zaman ladabtarwa kan giɓin da aka gani da gaske ba karya kwantiragi ba ne. Kuma nauyin hujja a nan ya dawo kanka.

Wani abin da na gani da idona: kwamiti ba koyaushe yake kora ba. Wanda aka dakatar yana kwana yana ganin kora kamar an riga an sa hannu, amma tsakanin wankewa da kora akwai matakai, gargaɗi a rubuce, gargaɗin ƙarshe, sauyin wurin aiki, rage matsayi, biyan wani ɓangare na asara. Na tuna wani direba da aka tuhuma da karkatar da mai. Ranar zama ya zo da wani tsohon littafi mai bango baƙi, gefensa duk ya naɗe, wanda yake rubuta kilomita da litar kowace tafiya da biro. Ba wanda ya sa shi, ɗabi'arsa ce. Muka ajiye littafin kusa da takardun ofis muna bi layi-layi, sai ga shi akwai ranaku uku da aka rubuta an ba motarsa mai alhali tana gareji. Zaman bai kai awa biyu ba tuhumar ta bar kansa ta koma wani teburin. Daga baya ya gaya mini takardar ajiye aikinsa tana aljihun rigarsa duk tsawon zaman, ya rubuta ta tun daren jiya. Da ya miƙa ta da safe, ba wanda zai buɗe littafin nan.

Ban ce naka zai zo haka ba. Kai ka sa hannu kan abin da ba ka ƙirga ba, kuma wannan sakaci ne, kada ka ɓoye shi. Amma sakaci daban, sata daban, kuma a zaman ne kaɗai za ka iya raba su. Idan ba ka nan, za a rubuta su a layi ɗaya.

Batun kuɗi

Nan ne za ka zauna da takardar kama aikinka da kundin ma'aikata, ka karanta da fensir a hannu. Albashin kwanakin da ka yi aiki naka ne ko ta yaya ka fita, haka galibi kuɗin hutun da ba ka ci ba. Kuɗin fansho da aka tara a asusu mai sunanka ba ya narkewa don an kore ka. Inda bambancin yake shi ne garatuti da kuɗin sallama da na notis. A kamfanoni da yawa wanda aka kora kan babban laifi ya rasa su, wanda ya ajiye kuma yana iya samu. Wannan shi ne dalili mafi ƙarfi da ke sa mutane su zaɓi fita. Sai dai wasu kundin sun ce wanda ya ajiye yana ƙarƙashin bincike za a riƙe haƙƙoƙinsa har a kammala. Idan naku haka ya ce, ka bar zaman kuma ba ka tsira da kuɗin ba, an yi gudun gara an faɗa gidan zago.

A ƙasashen da gwamnati ke biyan marasa aiki alawus lissafin yakan juye. A Faransa wanda ya ajiye da kansa galibi ba ya samun alawus ɗin, amma wanda aka kora yana samu ko da babban laifi ne. A Amurka jihohi ne ke tafiyar da shi, kuma barin aiki ba ƙwaƙƙwaran dalili yakan hana mutum. Ka duba ko akwai bashin kamfani a kanka, ko gida, ko inshorar lafiyar iyali, domin duk ranar fita suke tsayawa ko su zama abin biya.

Maganar oganka

Ban san shi ba, ba zan ɗora masa abin da ban gani ba. Akwai shugabannin da ke ba da wannan shawara da zuciya ɗaya, sun hango inda kwamiti ya dosa suna so su rage wa yaronsu zafi. Amma ka dubi abin da kai da kanka ka rubuta. Shi ya ce ka sa hannu ba ƙirge. Idan ka zauna gaban kwamiti aka tambaye ka dalili, sunan wa za ka kira? Idan ba ka zauna ba, wa ya huta? Mutumin da fitarka za ta rufa wa asiri ba shi ne ya dace ya zaɓa maka hanya ba, ko da nufinsa alheri ne.

Kuma maganar gefe ba ta ɗaure kamfani. "Ka ajiye, za mu rufe maganar" idan ba a takarda take ba, iska ce. Na ga wata mai karɓar kuɗi da aka yi wa irin wannan alkawari a bakin matakala. Ta rubuta layi uku ta miƙa. Bayan wata biyu sabon wurin da ta nema ya aiko mana da fom na neman bayani, kuma a cikinsa akwai tambaya ƙarara: shin ta bar aiki tana ƙarƙashin bincike? Ni aka kawo wa fom ɗin. Wanda ya yi mata alkawarin ba shi ke cikewa ba, ni kuma ba zan rubuta ƙarya in sa hannu ba. Na rubuta e. Har yau abin yana damuna, domin ina zaton da ta tsaya gargaɗi za ta samu.

Gwaji mai sauƙi: ka ce wa ogan, cikin ladabi, "Ranka ya daɗe, na ji shawararka, ko ofishin ma'aikata zai rubuto mini sharuɗɗan?" Yadda fuskarsa za ta yi zai gaya maka abu da yawa. Ka kuma rubuta wa kanka ranar da ya ja ka gefe, da wurin, da abin da ya ce.

Inda ajiyewa take da ma'ana

Ba na cikin masu cewa a tsaya ko ta halin ƙaƙa. Idan mutum ya san ya aikata, hujja a fili take, kuma kundin ya ce hukuncin kora ne, to zaman ba zai ƙara masa komai ba sai tozarci, gara ya nemi fita ta sulhu. Haka wanda ya riga ya sami wani aikin a rubuce, sabon wurin kuma ya san halin da ake ciki. Haka wanda lafiyarsa ta fara taɓuwa, ko da yake shi sau da yawa abin da yake bukata takardar likita ce da ɗage zama, ba barin aiki ba. Akwai kuma wurin da an riga an yanke hukunci, kwamitin ado ne kawai. Ko a nan nakan ce a halarta, domin rashin adalcin da aka rubuta a takardar zama shi ne hujjar gobe.

Idan fitar ce, to a yi ta da yarjejeniya. Ƙasashe da dama sun tanadi hanyarta: Faransa ta shigo da rabuwa bisa yardar juna a 2008, a Ingila kuma irin wannan yarjejeniya ba ta ɗaure ma'aikaci sai ya sami shawara daga mai zaman kansa kamar lauya. Ko inda doka ba ta ba ta suna ba, ana rubutawa a sa hannu. Abin da zan nema a ciki: an janye tuhumar kuma ba za a yi zaman ba, ranar fita, kuɗin da za a biya da ranar biya, ainihin kalmomin da za a rubuta idan wani ya nemi bayani a kanka, da matsayin kamfani kan kayan da suka ɓata. Na ƙarshen nan kada ka bari a tsallake shi, ko da yake ka sani babu takardar da ke hana hukuma binciken laifi idan ta ga dama. Kuma yarjejeniya tukuna, takardar ajiye aiki daga baya. Ƙarfinka a teburin yana nan ne muddin ba ka miƙa ta ba, domin su ma ba sa son doguwar shari'a. Da zarar ta shiga hannunsu janye ta sai da yardarsu.

Takardar kanta gajera ce: ina ajiye aiki, ga ranar ƙarshe. Ba neman gafara, ba bayanin abin da ya faru, ba zagin kowa. Duk abin da ka ƙara ana iya karanta shi wata rana a inda ba ka so.

Kwana goman nan

A yadda ka ba da labarin, ni da zan tsaya. Ka rubuta wa ofishin ma'aikata yau ka nemi tuhumar a rubuce, da rahoton ƙidayar, da kwafin takardun fitar da kayan da ake magana a kai, da kundin ladabtarwa. Idan ba su iso da wuri ba ka nemi a ɗage zaman, shi ma a rubuce. Ka tambaya ko za ka iya zuwa da wani. A Ingila dokar 1999 ta ba ma'aikaci damar zuwa da abokin aiki ko wakilin ƙungiyar ƙwadago, kuma kundin kamfanoni da yawa a wasu ƙasashen ya yarda da haka. Idan kana cikin ƙungiya, wakilinku ya kamata ya ji wannan labarin tun ranar da aka ba ka takardar tuhuma. Ka tabbatar ogan ba ya cikin masu yanke hukunci, tunda shi ma yana cikin maganar.

Sai ka zauna ka jera abin da ya faru da kwanan wata: wace rana, wace mota, wa ke wurin, wa kuma ke da makullin sito ban da kai. Idan umarnin ya taɓa zuwa ta saƙon waya, ka adana shi. Masu lodi da mai gadin ƙofa sukan tuna abin da manya suka manta, kuma littafin ƙofa yakan saɓa wa takardun ofis. Amma kada ka kwashi takardun kamfani ka kai gida, kada ka kira shaidu kana tsara musu abin faɗa, musamman idan takardar dakatarwar ta hana ka tuntuɓar ma'aikata. Wannan kaɗai ya isa sabuwar tuhuma. Ka ba kwamiti sunayensu, su kira su.

Ka sake karanta amsar da ka bayar tun farko. Idan a cikinta ba ka ambaci umarnin ogan ba, don kunya ko tsoro, za a tambaye ka me ya sa sai yanzu, kuma gara ka shirya amsar gaskiya. Wannan gaɓar, da batun ko akwai barazanar kai ƙara wurin 'yan sanda, su ne nake so ka kai wa lauyan da ya san dokar ƙwadago ta ƙasarku kafin ranar zama, ko na awa guda ne. Ka tafi masa da takardar kama aiki, da takardar tuhuma, da amsarka, da takardar dakatarwa. Ka tambaye shi wa'adin shigar da ƙara idan an kore ka, domin a wasu ƙasashen 'yan makonni ne, da kuma ko kundin kamfaninku ya ba da damar ɗaukaka ƙara a cikin gida, da kwana nawa aka ba ka ka yi hakan.